Annabawa Mata da Hidimar Tsofaffi a Cikin Ikilisiya

A shekara ta 18 ta sarautar Yosiya sarkin Yahuza, lokacin da ake gyaran Haikali a Urushalima, Hilkiya babban firist ya tsinci littafin Shari'a, kuma da aka karanta wa sarki abin da ke ciki sai ya yayyage tufafinsa don tsoro. Sarki ya umarci manyan fadawansa su je su nemi nufin Ubangiji, su kuwa suka nufi gidan Hulda annabiya, matar Shallum mai lura da ɗakin tufafi. Abin da ya fi jan hankalina a wannan labari na 2 Sarakuna sura 22 shi ne, Irmiya ya riga ya fara annabci tun shekara ta 13 ta wannan sarauta, amma wurin wannan mace aka je, kuma maganar da ta faɗa ce ta tabbatar wa sarki cewa hukuncin da ke cikin littafin gaskiya ne. Ba wanda ya yi jayayya da ita saboda kasancewarta mace.

Kafin Hulda akwai Maryamu 'yar'uwar Haruna, wadda ta jagoranci mata da waƙa bayan haye Bahar Maliya, akwai kuma Debora da ke zama ƙarƙashin itacen dabino tsakanin Rama da Betel tana yanke wa Isra'ilawa shari'a.

Amma wadda zuciyata ta fi komawa gare ta ita ce Hannatu 'yar Fanuyila, ta kabilar Ashiru, wadda Luka ya ba da labarinta cikin ayoyi 3 kacal a sura ta 2. Shekara 7 ta yi da mijinta ya rasu, ta zauna gwauruwa har ta kai shekara 84, ba ta rabuwa da Haikali, tana sujada dare da rana da azumi da addu'a. Da aka kawo jariri Yesu, Saminu dattijo ya karɓe shi ya yabi Allah, ita kuwa Hannatu ta yi godiya, sannan ta shiga ba da labarin jaririn ga dukan masu sauraron fansar Urushalima. Tsohuwar da ta rasa miji tun tana da ƙuruciya, wadda a idon mutane aikinta ya ƙare, ita ce ta zama ɗaya daga cikin masu shelar farko.

Yana damuna ƙwarai idan na ga ana girmama iyayenmu tsofaffi da kujerar gaba da gaisuwa mai daɗi, amma ba a neman shawararsu sa'ad da ake yanke al'amura masu nauyi. Girmamawar da Littafi Mai Tsarki ya nuna ta haɗa da sauraro da ba da aiki. A ranar Fentikos Bitrus ya tuna wa jama'a alkawarin da aka yi ta bakin annabi Yowel, cewa 'ya'ya maza da mata za su yi annabci, tsofaffi kuma za su yi mafarkai. Bulus ya umarci Titus ya sa tsofaffin mata su zama masu koyar da abin kirki, su horar da matasan mata, Bulus ya kuma tuna wa Timoti cewa bangaskiyarsa ta fara zama ne a zuciyar kakarsa Loyis. Ina roƙon shugabannin ikilisiya su ware lokaci a cikin sujada da nazarin Littafi Mai Tsarki domin waɗannan iyaye su koyar, waɗanda ƙafa ta gaza musu kuma a tura matasa gidajensu su zauna su ji daga bakinsu.