Amino asid ɗaya a cikin 146

Kamar yawancin waɗanda muke aji ɗaya da su, ba Bayokemistiri na cike a takardar JAMB ba. Likitanci na nema, makina bai kai ba, sai jami'a ta ba ni gurbi a wannan sashe, na kuma karɓa da niyyar sake zana jarrabawa idan shekara ta zagayo. Duk lokacin da mahaifiyata ta tambaye ni abin da nake karantawa, nakan ce mata ilimin sinadaran da ke aiki a jikin mai rai ne, ita kuwa ta sa mini albarka, duk da na san burinta shi ne ta gan ni ina duba marasa lafiya.

A aji biyu aka fara karatun sosai. An koya mana matakai goma da jiki ke bi wajen farfasa sukarin gulukos, daga nan aka shiga zagayen Krebs, wato jerin matakan da ke ci gaba da fitar da kuzari daga abinci, wanda Hans Krebs ya bayyana a 1937, ya kuma samu lambar Nobel a kansa a 1953. Na zana su a takarda na manna a bangon ɗakina, ina bitarsu bayan sallar asuba har suka zauna a kaina, amma da na fito daga jarrabawa ba su yi wata guda ba suka zube. Ɗakin gwaje-gwaje ne kaɗai yake faranta mini rai, musamman ranar da na ɗumama ruwan Benedict mai launin shuɗi, na ga ya rikiɗe ya koma ja kamar jar ƙasa saboda ɗan sukarin da ke cikinsa.

Wata laccar furotin a aji uku ce ta sauya mini tunani. Ɗan yayata yana da cutar sikila, kuma na sha kwana a zaune tare da ita tana gasa masa ƙafafu da ruwan ɗumi, yana kuka yana cewa ƙashinsa ake sara, idanunsa sun yi ruwan ɗorawa. A ranar malaminmu ya rubuta a allo cewa himogulobin, furotin ɗin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jini, yana da wata sarƙa da ake kira beta mai amino asid 146, wato ƙananan tubalan da ake gina furotin da su, kuma a jikin mai sikila guda ɗaya tak ne ya sauya: a gurbi na shida, balin ya maye gurbin gulutamik asid. Shi gulutamik asid yana jituwa da ruwa, balin kuwa gudun ruwa yake yi, don haka da zarar oksijin ya yi ƙaranci sai himogulobin ya riƙa manne wa juna yana zama dogayen zarurruka masu tauri, har su lanƙwasa jar ƙwayar jini ta koma kamar lauje. Waɗannan ƙwayoyin ne suke toshe ƙananan jijiyoyin jini su haddasa wannan azabar, kuma maimakon su yi kwana 120 kamar lafiyayyu, cikin kwana 10 zuwa 20 suke mutuwa, abin da ke kawo ƙarancin jini da sauyin launin ido. Ban iya rubuta komai ba a sauran laccar, domin yaron kawai nake gani a gabana.

Linus Pauling da abokan aikinsa ne suka nuna a 1949 cewa himogulobin na mai sikila yana tafiya daban idan aka sa shi a tsakanin wutar lantarki, sannan Vernon Ingram ya gano ainihin amino asid ɗin a Kambirij a 1957. Da wannan dabara ta lantarki ake gwajin jinin da ake nema kafin aure, kuma ita na yi ta aiki da ita a watannin sanin makamar aiki na SIWES a wani asibiti, inda nake ɗiga jini a kan siririyar takarda, in jira layin A na lafiyayyen himogulobin da layin S na sikila su rabu.

Da na koma gida hutu na zaunar da yayata na zana mata abin a bayan wata takarda. Na ce mata, "Yaya, ke da maigidanki duk AS ne, kuma kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS; ba wai idan ɗaya ya samu sauran ukun sun tsira ba ne." Na kuma gaya mata cewa mai AS yana da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, shi ya sa wannan jini ya yawaita a ƙasarmu. Ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta tambaye ni ko za a iya gwada 'yarta ƙarama, muka sa ranar Litinin mu je tare.