Yadda nake hana ƙyallayen bargo zubar da launi

A shagon ɗinkina da ke Gusau, ragowar ƙyalle ba ya zuwa bola. Abin da almakashi ya bari na atamfa da shadda da yadi, a buhu nake tara shi. Idan sallah ta wuce, aiki ya lafa, sai in yanka su daidai wa daida, in harhaɗa, in shimfiɗa auduga ko tsohon bargo a tsakiya, in yi shafi da farin yadi, in bi da ɗinki. Kafin hunturu ya kankama an samu abin rufa. Aiki ne mai cin rai da cin ido, kuma wanki ɗaya tak na iya lalata shi, domin jan ƙyalle guda in ya zuba, duk farin da ke kusa da shi ya tashi daga aiki.

Duk wadda kika tambaya maganin zubar launi, gishiri za ta fara ce miki. Ni ma haka na taso na ga iyayenmu suna yi wa sabuwar atamfa, wasu har da ruwan khal. Sai na raba wani jan yadi mai zuba gida biyu, ɗaya ya kwana a ruwan gishiri, ɗayan a ruwa zalla. Da na ɗauraye su na matse kowanne cikin farin ƙyalle, jan da suka bari iri ɗaya ne. Gishiri yana da aikinsa, amma a tukunyar rini: shi ke tura launi daga ruwa ya shiga auduga, soda kuma ta ɗaure shi. Yadin da ya riga ya baro masana'anta ya wuce wannan matakin. Ruwan khal kuwa na rinin ulu da siliki ne, mu kuma auduga muke ɗinkawa. Abin da ya sa ake yabon gishiri, jiƙon ne da kansa ke fitar da wani abu na launin, sai a ba gishiri ladan.

Launin da ke zuba rara ce, wadda ba ta kama zare ba tun farko, ba a kuma wanke ta sosai ba kafin a kai yadin kasuwa. Da na gane haka sai na daina neman abin da zai riƙe ta, na koma neman hanyar fitar da ita kafin allura ta taɓa yadin.

Gwaji nake fara yi. In jiƙa gefen ƙyallen, in ɗora farar auduga a kai, in danna dutsen guga mai zafi. Idan na ɗaga na ga ko ɗan jirwaye ne, wannan ƙyallen ya shiga layin wanki mai tsanani. Ja, shuɗi mai duhu, ruwan goro, algashi mai kauri da baƙi, su ne suka fi faɗawa. Shaddar da aka rina a gida kuwa ba na ma tsayawa gwada ta.

Wankin yana son ruwan zafi, kuma mai yawa. Ina haɗa tafasasshe da na randa rabi da rabi, wanda ke kai shi kusan digiri 60, in ɗiga sabulun ruwa na wanke-wanke, in nutsa ƙyallayen launi ɗaya kaɗai a babban baho, in danne su da faranti kada wani ya taso sama. Wurin da ya leƙo daga ruwa nan launin ke taruwa ya bushe ya bar zobe. In ruwan ya rine in zubar in sake wani. In ya fara sauƙi sai in bar su su kwana. Na san abin da jarkar ruwa take ci a garin nan, ga kuɗin gawayi, shi ya sa mutane ke cusa kaya da yawa a ɗan bokiti. To a nan ɓarnar take, domin launin da ya fita bai da wurin zuwa, sai ya koma jikin yadi. Gara a wanke kaɗan-kaɗan a ruwa wadatacce. Shadda za ta rasa ƙyallinta da sitacinta, amma wa ke neman ƙyalli a bargo? Ribar da ake samu a gefe ita ce audugar ta gama tsukewarta tun yanzu, ɗinki ba zai tattare daga baya ba.

A inuwa nake shanya, kowanne a warware. Jiƙaƙƙun kaya masu launi daban-daban ba na barinsu a cure wuri ɗaya ko na ɗan lokaci.

Rinin baba halinsa daban ne. Shi ba ya ɗaurewa da zare, kwanciya yake a kansa, shi ya sa shuni ke gogewa a fatar mai sanye da shi ko babu ruwa. Akwai wani maganin kama launi da ake kawowa daga waje mai suna Retayne, ƙaramin cokali ɗaya ga yadi ɗaya a ruwan zafi na minti 20. Yana taimaka wa auduga mai taurin kai, amma ba ya aiki a kan baba, kuma ba a zuba shi a bargon da aka riga aka haɗa, don zai kama launin a duk inda ya tarar da shi, har kan farin.

Wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta taɓa shigowa da bargon da aka yi wa jikarta, ja ya malala cikin fararen ƙyallayen ta bin layin ɗinki. Ta ce, "Ɗiyata, ki duba mini, ko bilic zan sa?" Na ce, "A'a Inna, bilic zai cinye har da mai kyau. An goge shi?" Ta ce ko bushewa bai gama yi ba. Wannan ne ya cece shi, don zafin guga yana ƙara zaunar da tabo. Muka cika babbar robar wanka da ruwan zafi da sabulu, muka nutsa shi gaba ɗaya. Ruwan farko ya fito kamar zoɓo. Muna canzawa yana dusashewa, har ya kwana a na ƙarshe. Da safe farin ya dawo, sai ɗan alama a gefe ɗaya da sai an nuna wa mutum.

Akwai ƙyallen da ko an yi ta canza ruwa ba ya daina zuba, yawanci mai araha da aka yi wa rinin da ba ya kamawa. Irin wannan komai kyansa ba ya shiga bargona. Buhu daban na ware musu, in sun taru in haɗa su su kaɗai, duhu da duhu, in yi abin taka ƙafa na bakin ƙofa.