Karen Samaru da leda biyu na ruwa

Jiya na miƙa makullin kabad ɗin magani, shekara ɗaya da rabi kenan ina aiki a wannan asibitin dabbobi. 'Yan gidanmu har yau ba su daina tsokanata da likitan karnuka ba, wannan bai dame ni ba, abu ɗaya ne ya ƙi barina.

Karen gadi ne aka kawo daga Samaru a keke napep, ciki kamar tulu, ƙafafu a kumbure in ka danna yatsa sai ramin ya zauna, haƙarƙari duk a waje, ga zawo ya kai sati uku. Na ɗaga leɓensa, dasashi fari fat. Oga ko shigowa bai yi ba, daga bakin ƙofa ya ce "Dokta, sa masa ruwa" ya wuce. Ni kuma na ɗaura leda ta ƙare na ƙara wata, a guje ma. Da safe na same shi a tsaye ya kasa kwanciya, numfashi da ƙyar, ruwa ya taru a ƙirji. Sakamakon jini sai azahar ya iso, albumin, wato furotin ɗin da ke riƙe ruwa a cikin jini, 1.2. Lafiyayyen kare yana wajen 2.5 zuwa 4 ne, kuma in ya faɗo ƙasa da 1.5 jini ba ya iya riƙe ruwansa, sai ya riƙa tsiyaya cikin ciki da ƙirji da ƙarƙashin fata. Wato ɗan abin da ya rage masa na je na tsinka da ruwan gishiri. Bai kai la'asar ba.

A gaban mai karen oga ya ce yaran yanzu sai takarda. Na yi shiru, to me zan ce, babu rubutunsa a fayil.

Tun daga ranar in na ga kumburi nake tambayar kaina ta ina albumin yake zuba. Hanta ce ke yin albumin, ko dai ta gaza, ko yana fita ta hanji, ko ta ƙoda, ko jini ne ke zuba. In shi da gulobulin, wani furotin ɗin jinin, duk sun yi ƙasa ka zargi hanji ko zubar jini, in shi kaɗai ne ka duba fitsari da hanta. Kashin wancan karen da na duba daga baya ƙwan tsutsa mai ƙugiya ne fal, abin da maganin tsutsa zai fara taɓawa, wallahi wannan ya fi ci mini rai.

Filasma, wato ruwan jini, na taimakawa amma kare ɗaya sai an ɗaura masa da yawa, mu kuwa ba mu da ita. Mai ciwon hanji a rage masa maiƙo a abinci. Kar ka raina kaska, ita ma jini take sha. Umarnin baki kuwa, rubuta shi da lokaci.

Bayan wata biyar aka kawo wata karya daga Sabon Gari da irin wannan cikin, na ƙi buɗe ruwa sai da na ga jini da kashi. Ta tashi. Oga aka kawo wa kwandon ƙwai na godiya.