Baƙar jif da abin da ta mayar da ni

Ɗan ƙanwata ya same ni ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, yana nuna min hoton wata baƙar Lexus mai baƙin gilashi da dillali ya turo masa a waya. Filin da ya gada a wajen mahaifinsa, can bayan Hotoro, shi zai sa a kasuwa ya cika kuɗin. Na tambaye shi me ya samu Golf ɗin da yake hawa. Ya ce, "Kawu, lafiyarta ƙalau. Amma a titin garin nan ba a ganin mutum, motarsa ake gani. Jiya wani ɗan adaidaita ya goge min madubi, ko waiwayowa bai yi ba." Na buɗe baki zan yi masa faɗa sai maganar ta maƙale min, domin abin da na gaya wa marigayi yayana ke nan lokacin da na matsa a raba gonarmu in sayar da kasona.

Abin haushin kuma, yaron bai yi ƙarya ba. Na daɗe ina jan wata tsohuwar Starlet a Kano, na san irin wulaƙancin da mai ƙaramar mota yake sha. Ka kunna sigina a shataletale ka yi ta jira, babu mai ɗaga maka ƙafa. Danja ta ba da hannu, kafin ka sa giya na bayanka ya cika maka kunne da oda, har da leƙowa ya ce "Malam, barci kake?" Ka je ɗaurin aure, mai gadi ya nuna maka bakin kwata ya ce a nan za ka ajiye, wanda ya biyo bayanka da Marsandi kuma a wangale masa ƙofa ba tare da an tambaye shi wa ya gayyace shi ba. Wata rana na ɗauko surukina daga asibiti, wani yaro mai bas ya matse mu har tayata ta hau gefen titi, da na yi magana ya ce in je in sayi mota tukuna. A gaban surukina! Wanda bai taɓa shan irin wannan ba zai yi saurin cewa girman kai ne ya sa na yi abin da na yi. Akwai girman kai a ciki, ban musa ba, amma akwai ciwo ma.

Da muna yara abin bai kai haka ba, ko kuwa ni ne ban lura ba. Tun da kamfanin Fijo na Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975, 504 ce motar babban sakatare, ita ce ta ɗan kasuwa, ita ce kuma ta ɗan tasha mai zuwa Zariya. Sai ka duba lamba kafin ka san wane ne a ciki. Da motocin Kwatano suka cika gari ne kowace mota ta samu matsayinta da laƙabinta. Ku duba sunan da aka raɗa wa Honda Accord ta 2003, wai End of Discussion, wato idan ka faka ta magana ta ƙare. Mutanen da suka sa wa mota irin wannan suna sun san me suke saya, kuma ba inji ba ne.

Ba kuma halinmu ne mu kaɗai ba. A 1968 wasu masu bincike biyu a Amurka, Doob da Gross, sun gwada abin a jihar Kalifoniya. Sai su tsaya a danja, idan ta ba da hannu su ƙi motsawa, su ga yaushe na baya zai danna oda. Idan da tsohuwar mota mai tsatsa suka tsaya, nan da nan ake danna musu. Idan sabuwar Chrysler ce mai sheƙi, sai a yi ta haƙuri, wasu ma ba sa dannawa sam. Da na ji labarin nan dariya na yi, don ni ban je jami'ar kowa ba na gano hakan a Titin Zariya.

To, na sayar da gonar, na haɗa da bashin wajen aiki, aka kawo min baƙar Prado ta hannu daga Kwatano. Tun a makon farko duniya ta sauya min fuska. Na tsaya a danja ina amsa waya har ta ba da hannu ta sake rufewa, babu wanda ya ce uffan. 'Yan acaɓa suna darewa. A shingen hanya, inda a da sai na fito da takardu har da na'urar kashe wuta, yanzu hannu ake ɗaga min ana "ranka ya daɗe". Ban yi aikin hajji ba a lokacin amma kowa Alhaji yake ce min, ni kuma ban taɓa gyara wa kowa ba. Gaskiya na ji daɗi. Duk wanda ya ce muku babu daɗi, bai hau ba ne.

Abin da ban lura da shi ba shi ne yadda hannuna ya canja a kan sitiyari. Ni da nake jira a ba ni hanya, sai na koma cusa hancin mota kawai, na san za a taka min birki. Na daina kunna sigina. Idan cunkoso ya yi yawa in bi hannun da ba nawa ba, in kunna fitilu, masu tahowa su ɗauka wani babba ne a ciki su kauce. Ban taɓa zama na yanke shawarar zama mugun direba ba, kullum dai ana ɗaga min ƙafa, kullum ina ƙara taku ɗaya. Matata ta yi min magana, na ce mata haka ake tuƙi a Kano, in ba ka nuna ƙarfi ba a gida za ka kwana. Har yau ina ganin akwai ƙamshin gaskiya a wannan amsar, sai dai ba don ita nake yi ba.

Wata ranar Talata da yamma, tun kafin gwamnati ta hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a farkon 2013, na fito daga wani layi zan hau babban titi. Na hango ɗan acaɓa yana tahowa ɗauke da wata mata. Na gan shi sarai, kada wani ya ce ban gan shi ba. Lissafina shi ne zai ga motar ya rage gudu kamar yadda kowa yake yi. Bai rage ba. Daga baya aka ce birkinsa ba ya ci sosai, kuma gudu yake, kuma babu hular kwano a kansa, duk na riƙe waɗannan na yi ta maimaita wa mutane tsawon shekaru. Amma hanyarsa ce. Matar ta karye a cinya.

Kafin in buɗe ƙofa jama'a sun kewaye ni. Motar da ta saba jawo min gaisuwa ita ce ranar ta jawo min "ɓarayin gwamnati", "haka suke taka talaka su wuce". Wani ya ɗauko dutse ya tarwatsa gilashin baya, na ji wani yana cewa a kawo fetur. Da Starlet ce da cewa za a yi tsautsayi ne, a taya ni ɗaukar matar. Wani dattijo mai sayar da lemo ne ya tsaya a jikin ƙofar yana ba su haƙuri har aka sa ta a bayan motar muka tafi asibiti. Na biya kuɗin aiki da magani, na yi ta zirga-zirga, danginta suka yafe. Da na je dubiya ta ƙarshe da sanda take tafiya. Abokaina kuwa cewa suke, "Alhaji ai ba laifinka ba ne, 'yan acaɓan nan ba su da hankali." Su ma motar suke wa magana.

Sauran asarar ba sai na ja ta ba. Bakanike ya ga jif sai kuɗin aiki ya ninka. Ka je Ƙofar Ruwa neman fitila ɗaya, a faɗa maka kuɗin da zai yi wa Starlet garambawul. 'Yan uwa suka ɗauka na yi arziki, buƙatu suka ƙaru, in ka ce babu a ce rowa. Kayan aro dai ba ya rufe katara. Da na sayar da ita ban samu rabin abin da na zuba ba, gonar kuwa yanzu gidaje ne a wurin, ba na ma son bi ta hanyar.

Na yi niyyar jero muku shawarwari da yawa, ku samari, amma da na zauna sai na ga ba su kai haka ba. Kada ka sayar da ƙasa ka sayi ƙarfe. Fili yana kwana yana ƙara daraja, mota tun ranar da ka karɓi makulli take raguwa. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 a 'yan kwanaki, daga baya har ta taɓa 1,000, jif nawa kuka gani an lulluɓe da tamfol a ƙofar gida? Masu ita suna nan cikin adaidaita suna ɓoye fuska. Kuma ku tuna lokacin da garkuwa da mutane ta yi ƙamari a hanyar Abuja zuwa Kaduna, manyan da kuke sha'awar motocinsu ajiye su suka yi suka koma rububin tikitin jirgin ƙasa.

In kuma Allah ya hore maka babbar mota ta halal, hau abarka, ban ce talauci ado ba ne. Amma duk ranar da ka ga an ba ka hanyar da ba taka ba, ka ji tsoro. Akwai wanda ba zai ba ka ba: direban tifar yashi bai san Lexus ba, mai tirela da birkinsa ya tsinke bai san lambar Abuja ba, yaron da ya fito da gudu daga lungu bai san komai ba.

Ni abin da ke ƙona min rai da ku shi ne ba ma don tafiya kuke son motar ba. Yaro bai iya canja taya ba, bai san inda ake duba baƙin mai ba, amma ya san kusurwar da zai tsaya a ɗauke shi hoto a jikin ƙofa. Hannu ɗaya a sitiyari ɗaya a waya, ana ɗaukar bidiyo ana gudu a kan gadar Ƙofar Nasarawa. Baƙin gilashin ma da kuke rububi, akwai dokar da ta hana shi tun 1991 sai da izinin 'yan sanda, amma wa ya tsaya tambaya? Mu aƙalla wulaƙanci ne ya tura mu, ku kuwa mabiya kuke nema. Ko da yake, in na faɗi gaskiya, da akwai irin wayar nan a zamanina ban san me zan yi da ita ba.

Yanzu tsohuwar Corolla nake ja. Ana danna min oda, ana shiga gabana, wani lokaci har da zagi, ina jin zafi kamar da, ban zama waliyyi ba. 'Yata kuma da ta fara aiki ta sayi wata 'yar ƙaramar mota, kullum sai ta dawo da ƙorafi: mace ce, motar ƙarama, 'yan adaidaita da masu bas sun mayar da ita abin wasa, ranar nan har wani ya daki bayan motar da hannu yana dariya. Na zaunar da ita zan yi mata wa'azin haƙuri irin wanda na gama yi muku. Da ta gama ba ni labari sai na ji bakina yana cewa, idan kuɗi suka taru ta nemi wadda ta ɗan fi wannan tsayi.