Randar aji biyar

Ranar Alhamis ɗin da ta wuce na miƙa rajista da makullin kabad, na yi sallama da alli. Shekara goma sha shida ke nan ina koyar da kimiyya a firamare, daga aji huɗu zuwa shida, tun da na fito da takardar NCE a 2008. Abokan aiki sun haɗa 'yar walima, an yi addu'a, an yafi juna. Matashin malamin da zai gaji ajina ya roƙe ni in rubuta masa abin da na koya a aikin nan. Da na zauna rubutu sai na tarar abu guda ne ya tokare mini ƙirji, sauran duk 'yan rakiya ne.

A zango na biyu na 2013 ne, cikin watan Maris, zafi ya fara kankama. Aka aiko cewa mai duba makarantu zai zo, kuma ajina na cikin waɗanda zai shiga. Darasin makon shi ne ruwa da yadda yake sauya kama, daga ƙanƙara zuwa ruwa, daga ruwa zuwa tururi. Kwana uku na yi ina sa yara tamanin da bakwai suna rera ma'anar da Turanci har ta zauna musu kamar karatun allo. Na kuma ware yara biyar, na ba kowanne misalin da zai kawo idan na yi tambaya: wannan wanki a kan igiya, wancan tukunya a kan murhu. Duk malamin da ya taɓa jiran mai duba makarantu ya san wannan shiri.

Komai yana tafiya daidai. Baƙon yana zaune a baya kan kujera ɗaya tilo mai ƙafa huɗu lafiyayyu, hedimasta na tsaye gefensa. Yarana biyar sun sauke nasu. Sai wata yarinya da ke zaune a ƙasa kusa da taga ta ɗaga hannu. Ba ta cikin waɗanda na shirya. Na so in yi kamar ban gan ta ba, amma baƙon ya nuna ta da biro. Ta miƙe tana gyara hijabi, ta ce da Hausa:

"Malam, ko shi ya sa ruwan randa yake sanyi? Iya ta ce sabuwar randa gumi take yi, gumin ne yake tafiya da zafin. In ta tsufa ta daina gumi, ruwan ma sai ya daina sanyi."

Ban san amsar ba. A lokacin, a tunanina yumɓu dai abu ne mai sanyi haka Allah ya yi shi, ban taɓa haɗa randar gidanmu da abin da na rubuta a allo ba. Ga shi ta yi Hausa a gaban baƙo, abin da hedimasta ya ja mana kunne a kai da safe. Kunya da tsoro suka haɗu mini. Na san kakarta maginiyar tukwane ce, duk unguwa an sani. Sai na ce: "Ke, wa ya tambaye ki? Nan aji ne, ba wurin gina tukwane ba ne. Zauna."

Ajin ya fashe da dariya. Ta zauna, ta ja hijabi ta rufe rabin fuska. Baƙon ya rubuta cewa darasi ya yi kyau kuma malami yana iya riƙe aji, hedimasta ma ya yaba mini. Kafin a dawo daga tara, sunanta ya koma 'Yar tukwane.

Kusan mako uku bayan haka na kai ziyara wajen wani abokina da ke koyar da kimiyya a sakandare. Muna zaune a zaure aka kawo ruwa a moɗa, na sha, na ba shi labarin, ina jiran ya taya ni ganin rashin kunyar yaran zamani. Bai yi dariya ba. Ya ce: "Malam, yarinyar nan ta koyar da darasinka fiye da kai." Ya ja ni cikin gida ya sa na shafa jikin randarsu. Da damshi. Ƙasar da ke gindinta ma a jiƙe take.

Nan ya warware mini. Yumɓun da aka gasa ba a shafe shi da komai ba cike yake da 'yan ƙofofi da ido ba ya gani. Ruwa yana tsattsafowa ta cikinsu, busasshiyar iska tana kwashe shi. Kafin ruwa ya zama tururi dole ya ɗebi zafi, kuma ba kaɗan ba: zafin da ake bukata a mayar da ruwa tururi ya ninka fiye da sau biyar wanda ake bukata a ɗaga shi daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa. Daga jikin randar da ruwan cikinta yake ɗibar wannan zafi, shi ya sa abin da ya rage yake sanyi. Haka gumi yake yi a jikin mutum, haka salkar makiyaya take yi. In randa ta tsufa, datti da gishirin ruwa sun toshe ƙofofin, sai gumin ya ragu, sanyin ma ya ragu. Kalma ɗaya ba ta kuskure ba.

Shi ne kuma ya fara ba ni labarin marigayi Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jigawa da ke Dutse, wanda ya tashi a gidan magina tukwane. Ƙaramar tukunya ya sa cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Yalon da kan lalace cikin kwana uku ya kai kwana 27, tumatir da tattasai suka yi makonni. A 2000 aka ba shi lambar yabo ta Rolex saboda wannan. Kuma cikin abin da ya dame shi har da 'yan mata masu talla da ke rasa makaranta don dole a sayar da kayan miya kafin su ruɓe. Da na ji wannan ban iya ƙarasa ruwan moɗar ba. Wani an karrama shi a idon duniya da ilimin gidan tukwane, ni kuwa na mayar da shi abin zagi a gaban yara tamanin da bakwai.

Ranar Asabar na je gidan su yarinyar. Na yi sallama, tsohuwar ta fito zaure da yumɓu a hannu har gwiwar hannu. Na durƙusa na gaishe ta, na ce: "Iya, na zo ba da haƙuri ne, na yi wa jikarki ba daidai ba." Ta ce: "Malam, ai ku ne masu ilimi. Mu abin da hannu ya gani muke faɗa." Ban ji daɗin amsar ba, don na san ba yafiya ba ce, girmamawa ce kawai. Na ce ina son tukwane biyu, babba da ƙarama. Ta shiga tana ƙwanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya da bayan yatsa tana saurare, ta ajiye huɗu kafin ta zaɓi biyu. Da zan tafi ta ce: "Kada ka kai su lungu. Ka sa su inda iska ke bi, in ba haka ba wahalar banza za ka yi. Da damina kuma kada ka zarge ni, iskar ce ta ƙoshi da ruwa." Ban taɓa jin wanda ya bayyana laimar iska a taƙaice kamar haka ba, har a kwaleji.

Na kai tukwanen aji. Da farko na aro ma'aunin zafi na asibiti, ashe daga 35 yake farawa, bai yi mana amfani ba, sai abokina ya aro mini na ɗakin gwajinsu. Yara suka ɗebo yashi, suka jiƙa, muka sa tumatir uku a ciki, uku a kan taga. Da rana tsaka ma'aunin ya nuna 39 a cikin aji, 26 a cikin tukunya. Sai da na bar su suka zo layi-layi kowa ya zura hannu. Yaran da ban taɓa jin muryarsu ba suka fara gardama: wani ya ce yashin ne, wata ta ce a'a, a gwada da busasshen yashi a gani. Muka gwada. A gaban kowa na kira yarinyar na ce maganarta gaskiya ce, ni ne na yi kuskure. Ta sunkuyar da kai, ba ta ce komai ba.

A rana ta huɗu hedimasta ya leƙo. Ƙasa a jiƙe, allo babu rubutu, yara na surutu da Hausa. Ya kira ni waje ya ce: "Malam, gwamnati ba ta biyanka don wasan ƙasa." Na ce: "Ranka ya daɗe, ka shigo ka duba ma'aunin." Ya ce ba shi da lokaci. Washegari na sami takardar tuhuma mai laifi uku: ɓata lokacin darasi, ƙazantar da aji, da koyar da kimiyya da Hausa a aji biyar. Mutumin da ya yaba mini ranar da na ci mutuncin yarinya shi ne ya tuhume ni ranar da na fara koyarwa da gaske. A wannan shekarar aka nemi malamin kimiyya guda daga makarantarmu don wata bita, ya cire sunana ya sa na wanda bai taɓa koyar da darasin ba, saboda akwai ɗan alawus a ciki. Takardar tuhumar tana nan cikin fayil ɗina har yau. An ce a yafi juna ranar walima, na kuma yafe, amma ban manta ba.

A kan maganar harshe, takarda tana bayansa, wannan ba zan musa ba. Manufar ilimi ta ƙasa da ake bi a lokacin, wadda ta faro tun 1977, harshen uwa ta ba wa azuzuwan farko, daga baya a koma Turanci. Sai dai yaron da Turancinsa bai wuce gaisuwa ba, in ka ba shi kimiyya da Turanci zalla, kaya biyu ka ɗora masa, kuma duka biyun zai yar. Tun 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa suka gwada koyar da yara shekara shida cif da Yarabanci a Ile-Ife, har da kimiyya da lissafi, yaran kuma ba su gaza ba. Abin da na koma yi shi ne a fahimci abu da Hausa, a taɓa shi da hannu, sannan minti goma na ƙarshe in rubuta kalmomin Turancin a allo su kwafa. Wanda zai gaje ni, kada ka bar allo fayau ko da rana ɗaya, don wanda zai leƙo allon zai duba, ba zai dubi idon yaran ba.

Sauran abubuwan ba su da tsawo. Kada ka jira kayan gwaji, ba za su zo ba. Zoɓo ya ishe ka: ɗiga masa lemon tsami ya ƙara ja, jefa masa kanwa ya rikiɗe ya yi duhu-duhun kore, yara sun ga bambancin mai tsami da kishiyarsa da idonsu. Mayen ƙarfe yana cikin lasifikar kowace matacciyar rediyo, ja shi cikin yashi ka nuna musu baƙin garin ƙarfen da zai kwaso. Dakakken ƙwallon zogale yana kwantar da laka a ruwan rafi, amma ka nanata musu cewa ruwan da ya yi garau ba lalle ne ya rabu da ƙwayoyin cuta ba. Kafa sanda a tsakar makaranta su riƙa auna inuwa. Sun riga sun san zawali da shigar la'asar daga Islamiyya, kuma wajen ƙarshen Afrilu za su ga inuwar ta kusa ɓacewa da tsakar rana, za su tambaye ka dalili da kansu. In ka shuka wake a gwangwani, ɗora shi inda akuya ba ta kaiwa. In yaro ya tambayi abin da ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba, ka rubuta tambayar a gefen allo da sunansa, kada ka goge sai kun samo amsa. Na yi shekara goma sha ɗaya ina haka, ban ga yaron da ya raina ni saboda shi ba. Uku daga cikin yaran da suka zura hannu a tukunyar nan yanzu ma'aikatan lafiya ne, ɗaya kuma yana koyar da kimiyya.

Yarinyar nan kuwa ba ta sake ɗaga hannu a ajina ba, ko sau ɗaya. Ta gama aji shida, ba ta wuce sakandare ba. Dalilan gidansu suna da yawa, ba zan ɗora wa kaina duka ba, amma na san rabona a ciki.

Bara na shiga kasuwa ranar cinta neman sabuwar randa, don ta ajin ta daina gumi. Wata mata da goyo ta durƙusa ta gaishe ni a rumfar tukwane. Na amsa ina lalube a fuskarta. Ta ce: "Malam, ba ka gane ni ba? 'Yar tukwane ce." Ba da fushi ta faɗa ba, sunan da take ganin zan fi tunawa ta ba ni. Na kira ta da sunanta na gaskiya, na ce ta yafe mini. Ta ce: "Haba Malam, ai ya wuce." Ta ƙwanƙwasa randuna uku da bayan yatsa tana saurare, ta zaɓar mini ta huɗu. Na biya ba tare da na nemi ragi ba. Randar tana nan a aji biyar, gindin tagar da iska ke bi.