Kiredit 12 ɗin da suka cinye mana kakar tanis

Duk wanda ya ji ina aikin mataimakin koci a tim ɗin tanis na maza a wata jami'a a nan Amurka, tambayar da yake fara min ta sabis ce da raket, wai ya ake sa yaro ya riƙa buga ƙwallo da ƙarfi kamar su Ben Shelton. Wallahi wannan shi ne mafi sauƙi a aikin. Yaran da muke ɗauka kusan duk sun iya tanis tun kafin su zo, wasu tun suna shekara 6 suke riƙe da raket, ana duba lambarsu ta UTR, wato ma'aunin ƙarfin ɗan tanis, da bidiyonsu kafin a ma kira su a waya. Abin da ya kashe mana kaka guda sukutum ba a fili ya faru ba, a cikin kwamfutar rajistar kwasa-kwasai ya faru, da daddare, yaro ya danna maɓalli ɗaya ya kwanta barcinsa.

Makarantarmu ƙarama ce a rukunin farko na NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka, ba irin su Jojiya ko TCU ko Sitanfod masu kuɗi da ma'aikata rututu ba. Mu biyu ne, ni da oga babban koci, sai mai duba rauni da muke rabawa da wasu wasannin. A lokacin doka ta ba tanis ɗin maza sikolashif 4.5 ne kacal, mata kuma 8, to waɗannan huɗu da rabin ake yayyankawa a raba wa yara takwas ko tara, wani ya samu kashi 70 wani 30, saura iyaye su cika. An sauya tsarin a 2025 amma mu a wancan muka yi. Kuma yawancin yaran ba 'yan Amurka ba ne, daga Turai da Kudancin Amurka suke, dama fiye da rabin masu buga tanis ɗin maza a wannan rukunin baƙi ne. Ba sabon abu ba ne, Nduka Odizor ɗinmu na Najeriya ma ta jami'ar Histon ya bi kafin ya kai zagaye na huɗu a Wimbildon a 1983.

To yaron da nake magana ɗan Kudancin Amurka ne, shekararsa ta farko, shi ke buga lamba 2, wato na biyu a ƙarfi, a wasan ɗai-ɗai kuma shi da kyaftin ne lamba 1 a bibbiyu. Yaro mai ladabi, ba ya makara, ba ya musu, irin wanda koci ke mantawa da shi saboda ba ya ba da ciwon kai. Kiredit 13 ya yi rajista a zangon bazara (kiredit shi ne ma'aunin nauyin kwas), kwas uku masu 3-3 sai kemistiri mai 4 da ke da lab ranar Juma'a da rana. Mu kuma daga Janairu zuwa Afrilu ranar Juma'a muke shiga mota. Ya rasa lab, ya sake rasawa, tes ɗin farko ya zo da muni, sai wani abokinsa a hostel wanda ba ɗan wasa ba ne ya ce masa ai gara ka janye a rubuta maka W da a maka F ta ja maka GPA, wato matsakaicin makinka, ƙasa. Shawara ce mai kyau ga ɗalibi na gama-gari. Ya shiga ya janye. 13 a cire 4 saura 9.

Doka kuwa ba ta da wasa a nan, ɗan wasa sai yana ɗauke da aƙalla kiredit 12 kafin ya buga gasa, ko tirenin ma ba a yarda ya shiga ba, kuma ba wai sai ƙarshen zango ba, daga lokacin da ya sauka ƙasa da 12 shi ke nan ya fita. Ranar Alhamis da dare ya janye, Juma'a ya shiga mota da mu yana dariya, Asabar ya ci wasansa muka yi nasara 4-3 a kan makarantar da muke kokawar gurbi da ita, Lahadi ya sake bugawa. Litinin da safe matar ofishin kula da bin dokoki ta kira oga. Ina tsaye ina zuba ƙwallaye a kwando na ga fuskar oga ta canja, ya ce min kira min yaron nan yanzu yanzu.

Abin da har yau yake min ciwo shi ne amsar da ya bayar. Ya ce koci, ai ban so in dame ku ba ne, matsalata ce ni zan gyara. Kuma da gaske yake, ba ƙarya ba ce. Nan ne na gane wani abu game da 'yan tanis da ba haka 'yan ƙwallon ƙafa suke ba. Yaron da ya taso a gasar matasa ta ITF, hukumar tanis ta duniya, shi kaɗai yake yawo da jakarsa daga wannan gari zuwa wancan, a cikin fili babu mai taimakonsa, in ya faɗi shi ya faɗi, tun yana ƙarami an koya masa kar ya nuna wa kowa rauninsa don na gefensa a yau shi ne abokin karawarsa gobe. Sai ka kawo shi jami'a ka ce masa yanzu kai ɗan tim ne, ka zaci ya gane. Bai gane ba. Ya iya ihun ƙarfafa wa abokinsa gwiwa daga fili na kusa, wannan cikin sati biyu suke koya, amma ya zo ya ce koci kemistiri na neman kayar da ni, wannan a wurinsa tonon asiri ne.

Allura kuma ta tono garma, don ba NCAA kaɗai ke da ruwa da 12 ɗin nan ba. Bizar ɗalibi ta F-1 ita ma sharaɗinta ke nan ga mai digirin farko, ba ka sauka ƙasa sai da izinin ofishin ɗalibai baƙi tun kafin ka sauka. Wato yaro ya jefa zamansa a ƙasar ma cikin haɗari bai sani ba. Muka shiga neman kwas ɗin da ake farawa a tsakiyar zango, irin na sati 8, mai kiredit 3 da zai mayar da shi 12 cif. Wanda muka fara samu na intanet ne, ashe a cikin kwasa-kwasansa dama akwai ɗaya na intanet, kuma mai F-1 kwas ɗaya tak na intanet ake ƙirga masa a cikin 12 ɗin. Sai da aka samo wani na cikin aji da ƙarfe 8 na safe, malamin ya yarda ya sa hannu, Allah ya saka masa. Makaranta ta kai rahoton kanta, aka soke sakamakon wasannin da ya buga, nasarar nan ta 4-3 ta tafi, shi kuma ya zauna a benci har aka gama takardun dawo da shi.

Mutane suna ganin ai mutum ɗaya ne ya fita, maki ɗaya ne. Ba haka lissafin yake ba. A karawar jami'o'i maki 7 ne, ana fara bibbiyu a fili uku, set ɗaya-ɗaya, wanda ya ci biyu ya ɗauki maki 1, sannan ɗai-ɗai shida kowanne maki 1, wanda ya fara kai 4 ya ci. Kuma dole ka jera yara bisa ƙarfinsu, ba a yarda ka ɓoye gwani a ƙasa ba. To da lamba 2 ya fita, na 3 ya koma 2, na 4 ya koma 3, haka har ƙasa, kowa ya tashi yana karawa da wanda ya fi shi, yaron da bai taɓa shiga jeri ba ya tsinci kansa a lamba 6, bibbiyun da muka shafe tun Satumba muna ginawa suka wargaje. Ga shi babu adbantej a wannan tsarin, in aka kai 40-40 ƙwallo ɗaya ce ke raba gardama, sabis ko ya taɓa raga in ya faɗa ciki ana ci gaba da wasa, yara kuma su ke kiran layinsu da kansu. Wanda bai saba ba wannan matsin yana narkar da shi. Muka yi ta faɗuwa da 3-4, 2-4, a ƙarshe nasara ɗaya ta hana mu shiga gasar ƙarshen kaka ta yankinmu. Ɗaya. Ita ce wadda aka soke.

Ni dai tun daga nan na daina yarda da yaro mai shiru. Mai surutu da ƙorafi ka san inda yake, wanda kullum amsarsa lafiya lau koci shi nake zaunarwa in ce buɗe min kwamfutarka in gani da idona. Ba wanda ke rajistar 12 ko 13 a tim ɗinmu yanzu, 15 ne mafi ƙaranci, don in kwas mai 3 ya gagara a janye a tsaya a 12, in kuma akwai mai 4 a ciki to 16. Kwas mai lab a zangon kaka, wato zangon karatun ƙarshen shekara, ake ɗaukarsa lokacin da tafiye-tafiye ba su da yawa, kuma duk abin da ya faɗo Juma'a da rana a bazara ba ma ko tattauna shi. Sauran ƙa'idojin ma na haddace su kamar karatun allo, kiredit 6 dole a ci kowane zango, 24 kafin shiga shekara ta biyu, GPA 1.8 sannan 1.9 sannan 2.0, kashi 40 na digiri kafin shekara ta uku, 60 kafin ta huɗu, 80 kafin ta biyar. Wannan na kashi 40 ɗin shi ke kama masu son canja fanni a makare, yaro ya ce ya gaji da injiniya zai koma kasuwanci, rabin kiredit ɗinsa su tashi a banza.

Akwai kuma maganar awa 20. Doka ta ce a lokacin kaka kar a wuce awa 20 a sati na tirenin da wasa, da hutun kwana ɗaya, in ba kaka ba awa 8. A takarda yana da kyau. Amma ranar gasa awa 3 ake rubutawa ko da kun wuni a fili, zaman mota na awa shida ko bakwai kuma ba ya cikin lissafi, zuwa wurin mai duba rauni ma haka. Yaro ya dawo ƙarfe ɗayan daren Lahadi, Litinin da safe yana da tes, da Turancin da ba harshensa ba. Shi ya sa yanzu awa biyun farko a mota ba waya ba fim, karatu ne, suna gunaguni ina jinsu, ban damu ba. In azumi ya faɗo cikin kaka kuma muna da yaro Musulmi, ni da nake yi na san abin da ake ji, nakan matsar masa da aikin ƙarfi zuwa dab da shan ruwa.

Wani abu da ya fito daga wannan masifa wanda ban zata ba, yaron nan da aka tura lamba 6 dole. A da ni da oga kusan duk lokacinmu a filin lamba 1 da 2 yake ƙarewa, don can ne wasa ke da daɗin kallo, alhali makin lamba 6 da na lamba 1 duk ɗaya ne a allo. Ya sha kashi a farko, amma da yake an yarda koci ya zauna a gefen fili ya yi magana da ɗan wasa, sai na koma zama wurinsa, ba wani abu nake ce masa ba illa ka mayar da ƙwallo ta tsakiya da tsayi, ka bar shi ya yi kuskuren. A shekarar da ta biyo baya shi ya fi kowa kawo mana maki. Yanzu rabin lokacina a fili na 5 da na 6 nake yinsa, oga ya ji da manya.

Shi mai kemistirin ya dawo, ya sake ɗaukar kwas ɗin a zangon kaka ya ci, kuma shi ne yake tsare sabbin yara a satin farko ya ba su labarin da bakinsa, ya fi duk wata lakca da zan yi tasiri. Ban taɓa riƙe shi a zuciya ba. Wanda na riƙe shi ne tsarin da ya bar ɗan shekara 18, baƙo, ya iya janye kwas da tsakar dare ba tare da ko saƙo ɗaya ya je wa kowa ba sai rahoton Litinin. A makarantu da yawa akwai makulli a kan rajistar 'yan wasa, ba ka iya janyewa sai mai ba da shawara ya buɗe maka. Da muka je ofishin rajista muka tambaya ko za a iya sa mana irinsa, matar ta duba kwamfutarta ta ce ai akwai shi a manhajar tun da aka saye ta, ba wanda ya taɓa cewa a kunna ne. Kafin mu sauko daga benen ta kunna.