Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Jan Ƙyalle a Cikin Akwati

A makon jiya na tsaya ne a tashar jirgin ƙasa ta Kano, Baffa yana riƙe da hannuna, Inna kuma ta ƙi fitowa rakiya don kada a ga hawayenta. Masu tambaya ta ko sai yaushe zan kai ga labarin aurena na fari da bai yiwu ba, to ku yi haƙuri, yau za mu taɓa shi, amma sai mun bi ta Ibadan.

Abin da Baffa ya faɗa mini a bakin taragon nan bai wuce jimla ɗaya ba. Ya ce, "Ka dai sani, zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai." Na ce, "To Baffa, in Allah Ya yarda." Shekarar 1970 ke nan, yaƙin basasa bai daɗe da ƙarewa ba, kuma duk unguwarmu ana mamakin abin da zai kai ɗan Malam ƙasar Yarabawa alhali ga jami'a a Zariya. Jirgi ya bi da mu Kaduna, Minna, ya haye gadar Jebba, ya wuce Ilori, muka sauka Ibadan jiki duk ƙura. Na kwana biyu a Sabo wurin wani mai fataucin goro da ya san gidanmu, sannan na shiga makaranta aka ba ni ɗaki a zauren kwana na Sultan Bello. Ganin sunan Sarkin Musulmi Bello a jikin gini a tsakiyar ƙasar Yarabawa ya ɗan sanyaya mini rai.

Abokin ɗakina ɗan Jihar Tsakiyar Yamma ne, ya girme ni da aji ɗaya, Kirista, baƙi siriri mai yawan dariya. Ba zan faɗi sunansa ba don 'ya'yansa suna raye. Watan azumi ya kama ba mu fi wata guda tare ba. Ni da ban saba tashi ba sai Inna ta buga ƙofa, sai ga wannan bawan Allah yana saita agogonsa yana tashina sahur. Da yamma ya karɓi tikitin abincina ya je ya karɓo mini a kwano ya rufe, don kafin in dawo daga sallah an kusa tashi. Da zazzaɓi ya kayar da ni, a bayansa ya goya ni zuwa asibitin Jaja. Ina faɗar wannan ne tun yanzu saboda abin da ɗan Gwaggo ya je ya yaɗa daga baya.

Abu ɗaya ne ya riƙa ɗaure mini kai. Wasu darare sai ya ɗaura jan ƙyalle a ka, ya sa baƙaƙen kaya, ya fice, sai can wajen asuba ya dawo murya a dishe saboda waƙa. A jikin ƙyallen akwai zanen ƙoƙon kan mutum da ƙasusuwa biyu a gicciye. Ranar da na fara gani sai da na karanta Ayatul Kursiyyu ƙafa uku. Da na kasa haƙuri na tambaye shi, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya zaunar da ni ya ba ni labari.

Sunan ƙungiyarsu Pyrates, wato 'yan fashin teku, irin na littattafan Turawa da suka karanta suna yara. A 1952 aka kafa ta a nan Ibadan, lokacin makarantar tana kwaleji a ƙarƙashin Jami'ar Landan, shekara huɗu da buɗe ta. Samari bakwai ne suka fara: Wole Soyinka, Ralph Opara, Pius Oleghe, Aig-Imoukhuede, Nathaniel Oyelola, Muyiwa Awe da Sylvanus Egbuche. Abin da ya ba su haushi, in ji shi, shi ne yadda ɗalibai suka fi Bature Turanci. Ana zafin Ibadan mutum ya sha kwat da laƙataye, yana taku ɗai-ɗai, yana kallon ɗan talaka a wulaƙance. Ga kuma kowace ƙabila ta ja tungarta. Sai waɗannan bakwai suka ce za su yi abin da zai ba masu kwat haushi, su yi shigar 'yan fashi, kowa ya ajiye sunan gidansu ya ɗauki laƙabi, kada a san ɗan wane ne ko daga ina ya fito. Soyinka ya zama Cap'n Blood. Reshensu suna kiransa jirgi, fitar darensu suna kiranta shiga teku, alhali Ibadan ko ƙamshin teku ba ta ji. Ba su da uwa a wata ƙasa, ba kuma hukumar makaranta ce ta kafa su ba. Kuma a zamaninmu wanda karatunsa ya yi rauni ba ya ma samun shiga.

A lokacin da yake ba ni wannan labari, Soyinka bai daɗe da fitowa daga kurkukun da gwamnatin Gowon ta tsare shi kusan shekara biyu ba, yana nan cikin makarantar a sashen wasan kwaikwayo. Muyiwa Awe kuwa malamin kimiyyar lissafi da ƙarfi ne, mai fiziks, muna ganinsa yana wucewa. Na riƙa kallonsu ina cewa a raina, yanzu waɗannan ne matsafa? Ranar da aka ce an ba Soyinka kyautar Nobel a 1986 ina ofis a Kaduna, na ɗauki jarida na nufi Kano da niyyar in ajiye ta gaban ɗan Gwaggo. Na isa na tarar ya tafi Jidda. Allah Ya taimake shi.

Sun neme ni in shiga. Sau biyu. Abokin ɗakina ya ce suna son ɗan Arewa, don abin da aka kafa su a kai ke nan. Na ƙi. Dalilina ba wani mai zurfi ba ne: akwai shan giya a fitarsu, akwai rantsuwar biyayya ga abin da ba a faɗa maka ba tukuna, kuma in an ba da umarni babu musu. Na ce masa ni rantsuwata ɗaya ce, kuma na riga na yi ta. Bai ƙara tayar da zancen ba, bai kuma fasa tashina sahur ba a shekara ta gaba. Ku riƙe wannan: ban shiga ba. Na faɗa a gaban Liman, yau ina rubutawa ina da jikoki goma sha.

A ranar 1 ga Fabrairun 1971 'yan sanda suka harbe ɗalibi Kunle Adepeju a cikin makaranta lokacin zanga-zanga, aka sallame mu kowa ya tafi gida. Cikin gaggawar haɗa kaya, ina da 'yar rediyo da na saya a kasuwar Dugbe don Inna, na rasa abin naɗe ta. Abokina ya jawo ƙyallen nan ya naɗe ta tsaf ya tura cikin akwatina, ya ce in dawo masa da shi. Ko a jikina.

Kwana uku da isowata ɗan Gwaggo ya buɗe mini akwati ba da izinina ba. Turare yake nema, shi da kansa ya faɗa. Bai zo wurina ba, bai je wurin Inna ba. Ya ɗauki ƙyallen ya zaga da shi zaure-zaure, ya ce ɗan Malam ya shiga ƙungiyar matsafan Kudu, har an ba shi tutar kan mutum, kuma sai ya ba da jinin wani na gida. Kafin la'asar zance ya kai gidan su yarinyar da aka sa mana rana. Kafin sati aka dawo da kayan sa rana, har goron, wanda ya riga ya bushe. Bayan Babbar Sallah aka ba da ita ga wani ɗan kasuwar Kwari.

Ba wannan ne ya fi ci mini rai ba. Baffa ya kira ni soro, ga ƙyallen a kan buzunsa. Na durƙusa ina jiran ya ce, "Mene ne wannan?" Da ya tambaya da na faɗa masa komai, har sahur, har goyon asibiti. Bai tambaya ba. Ya dube ni ya ce, "Ai na gaya maka, zama da maɗaukin kanwa." Ko ƙarasawa bai yi ba. Ya rasu a 1983 bai taɓa yi mini wannan tambaya ba, ni kuma kunya ta hana ni in fara. Allah Ya jiƙansa, Ya sa Aljanna makoma. Amma ina ma ya tambaya.

Gaskiya kuma ba zan ɓoye ba, abin da ya biyo baya ya sa bakina ya yi nauyi wajen kare su. Muna aji na ƙarshe aka fara rabuwa: a 1972 wasu da aka kora, ƙarƙashin Bolaji Carew, suka kafa Buccaneers. Akwai wata ƙungiyar, Eiye, tun kafin nan. A 1977 Black Axe ta fito daga Jami'ar Benin, sai Vikings a Fatakwal, kowace da launinta da waƙarta, kuma babu ruwansu da sakamakon jarrabawa. Gatari ya shigo, bindiga ta biyo, 'yan siyasa suka gane akwai sojan haya a araha. Su Pyrates sun yi rajista da sunan National Association of Seadogs, a 1984 suka ce sun janye daga makarantu gaba ɗaya, sai wanda ya gama karatu. Amma ɓarna ta riga ta yi ƙafa. Ranar 10 ga Yulin 1999 aka shiga zauren Awolowo a jami'ar Ife da dare aka kashe ɗalibai biyar, cikinsu har George Iwilade, sakataren ƙungiyar ɗalibai da ake kira Afrika. Muna wurin sunan jikar Yaya Babba ana zancen, ɗan Gwaggo ya juyo a gaban mutane ya ce, "Alhaji, ka ji aikin 'yan'uwanka." Wannan mutumin da a shekarar da ta gabace ta ya zo har gida, hula a hannu, in nema wa ɗansa gurbin karatu. Kuma na nema masa. Na shafa kaina da ya riga ya yi fari fat, na ce masa, "Ka ga kanwar nan, tun 1971 kai ka zuba mini ita." Wasu suka yi dariya, wasu ba su gane ba. Shi ya gane.

Ƙyallen dai Inna ce ta ɗauke shi daga soro da tsinken itace, don ta ce ba za ta taɓa shi da hannu ba, ta jefa a murhu. Rediyon kuwa ta riƙe abinta, da ita take jin Kaduna har ta lalace. Da aka buɗe makaranta na koma, abokina ya tarye ni da murna ya karɓi akwatina, ya ce ina kayansa. Na ce an sace a jirgi tsakanin Minna da Jebba ina barci. Ya yi shiru, ya ce za a ci shi tara, amma ba komai. Yadda ƙaryar nan ta tonu ranar da muka karɓi takardun bautar ƙasa a 1973, mu rukunin farko, shi zan kawo muku mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.